Mudun Baba da sikelin makaranta

Saura kwana uku sallar azumi, ƙanena da ke aiki a Abuja ya turo saƙo a zauren WhatsApp na gidanmu, wai zakkar fidda kai kilo uku ce a kan kowane mutum, a sayi buhu a raba a huta da aune-aune. Ko minti goma ba a yi ba ɗan kawunmu ya turo wata takarda mai tambari a samanta, ita kuma ta ce kilo biyu da rabi. Sai autarmu ta ce su a islamiyya an gaya musu kilo biyu ne da ɗan ɗoriya. Da yake ni ne malamin kimiyya a gidan, shekara goma sha shida ina riƙe da alli a sakandare, sai duk suka yo kaina: Yaya, kai ne mai lissafi, wanne za mu ɗauka?

Ban ce musu komai ba. Da aka idar da tarawi na leƙa zauren Baba, na same shi yana jan carbi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa a gefensa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, yara ne ke gardama a waya, wai sa'i kilo nawa ne."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Kilon me?"

"Na'am, Baba?"

"Na ce kilon me? Na gero, ko na dawa, ko na shinkafa? Kai da gwamnati ke biya albashi don ka koyar da wannan abin, kai ne za ka zo kana tambayata?"

Kunya ta kama ni, don gaskiyarsa. Tambayar da ya yi mini ita ce darasin da nake buɗe wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare da shi duk shekara, amma ban taɓa kawo shi kusa da zakka a raina ba. Ya sa aka ɗauko masa wani ɗan kwano na tagulla daga cikin adaka, naɗe a tsumma, wanda tun muna yara ba ya fitowa sai a goman ƙarshe. Mudun Annabi ke nan, wanda ya gada wurin mahaifinsa, shi kuma wani malami ya gwada masa shi da nasa. Ya miƙo mini ya ce, "Huɗu na wannan. Je ka ka ɗora a abin naku ka ga abin da zai ce."

Ga darasin da nake nufi. Kowane abu da hannu ke taɓawa yana da girma, wato wurin da ya ci, yana kuma da nauyi. Mudu da gwangwani da lita girma suke aunawa. Sikeli nauyi yake aunawa. Tsakanin waɗannan biyu akwai abu na uku da ba a gani da ido, shi ne yadda abin ya danƙare a cikin jikinsa. A aji muna ce masa densiti, kuma samunsa ba wuya: ka raba nauyin abu da girmansa. Lita guda ta ruwa kilo ɗaya ce. Lita ta man gyaɗa wajen giram 910 ce, shi ya sa yake taso wa miya kai. Ta fetur wajen giram 750 ce. Ta zuma ta kai kilo 1.4. Lita guda ta sandararren ƙarfe kusan kilo 7.9 ce, ta zinariya kuwa kilo 19.3. Robar ruwan nan ta lita da yara ke wasa da ita, a cika ta da zinariya, sai babba ya sa hannu biyu kafin ya ɗaga. (Masu fiziks suna ƙara rarrabewa tsakanin yawan abin da ke jikin abu da ƙarfin da ƙasa ke jansa da shi, don a duniyar wata buhun shinkafa zai yi sauƙi har ya koma kashi ɗaya cikin shida alhali ko ƙwaya ba ta ragu ba. Tunda ba a can za mu fid da zakka ba, kalmar nauyi ta ishe mu.)

Nakan tambayi ɗalibai, kilo guda na auduga da kilo guda na ƙarfe wanne ya fi nauyi? Rabin aji sai su ce ƙarfe, sauran su yi musu dariya. Da ina cikin masu dariyar. Yanzu na daina, don na lura yaran nan ba wauta suka yi ba, wata tambayar suka amsa, kuma sun amsa ta daidai. Su densiti suke ji a hannunsu, sunan ne ba su da shi. Inna, Allah Ya jiƙanta, awo ta yi shekara da shekaru a ƙofar gida, ba ta taɓa shiga aji ba. Amma idan aka sauke mata buhu, hannu za ta zura har gwiwar hannu ta damƙo, ta ɗan jinjina, ta ce wannan geron ya ƙosa, ko ta ce wannan fanko ne, ku mayar. Abin da nake rubutawa a allo da alamar rabawa, ita a tafin hannunta take yin sa.

To, sa'i kwano ne. Ma'aunin girma ne, mudu huɗu, kowane mudu kuwa malamai sun kwatanta shi da cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. An wajabta zakkar fidda kai a shekara ta 2 bayan hijira, a Madina, garin manoma, inda abincin mutane shi ne dabino da sha'ir da zabibi da cukwi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda a kanta aka rene mu a zaure, ta lissafa har da gero da dawa da shinkafa. Duk waɗannan kwano ɗaya ake cikawa da su, amma ba za su taɓa yin nauyi ɗaya ba. Idan muka ɗauki ƙiyasin da ya yi fice cewa sa'i wajen lita 2.75 ne, alkama za ta ba da kilo biyu da ɗan wani abu, don litarta wajen giram 780 ce. Sha'ir, mai ɓawo da iska a tsakani, zai tsaya wajen kilo 1.7. Gyararriyar shinkafa ta kai wajen 2.3, shanshera kuwa da ƙaiƙayinta ba za ta wuce na sha'ir ba. Saboda haka wanda ya ce sa'i kilo kaza ne ya yi shiru, rabin magana ya faɗa.

Da na koma littattafai sai na tarar magabata sun riga ni sanin wannan da shekaru aru-aru. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 620 bayan hijira, ya bayyana cewa asalin sa'i awo ne, malamai sun ƙaddara shi da nauyi ne kawai don a iya kiyaye shi a kai shi wasu garuruwa. An ruwaito Imam Ahmad da adas, wani ɗan mitsitsin wake mai faɗi, ya gwada sa'in da ya samu, saboda yana kwanciya lif a kwano ba ya barin gurbi. Wato dattijon ya zaɓi hatsin da densitinsa ba ya yawo. Da ɗalibina ne ya yi wannan dabarar da na ba shi maki cikakke.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa kuma alƙalin Haruna Rashid. A Iraƙi suna cewa sa'i riɗili takwas ne (riɗili wani ma'aunin nauyi ne na da), mutanen Madina da Imam Malik suna cewa biyar da sulusi. Da ya zo Madina ya nemi hujja. Washegari dattawa wajen hamsin, jikokin Muhajirai da Ansaru, suka zo masa kowa da sa'insa a ƙarƙashin mayafi, kowa na cewa na ubansa ne ko na kakansa, da shi aka riƙa fid da zakka tun zamanin Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya gwada, ya ga sun yi daidai da juna, ya bar maganar malaminsa ya koma ta mutanen Madina. Hujjar da ta karya gardamar kwanuka ce aka fito da su daga ɗaki. Har yau a gidajen tarihi na Maroko akwai mudaye na tagulla na zamanin sarakunan Banu Marin, an zana silsila a jikinsu kamar ta hadisi: an gwada wannan da na wane, na wane da na wane, har a tuƙe da mudun Zaidu bin Sabit. Na Baba ba shi da rubutu, amma hanyar da ya biyo ke nan.

Lambobin da suka rikita zauren gidanmu ma daga wannan aikin mayar da kwano zuwa nauyi suka fito. Shaihu Usaimin ya auna da alkama mai kyau ya samu giram 2,040. Shaihu Ƙardawi ya lissafa daga riɗili ya samu giram 2,176, shi ma na alkama. Shaihu Bin Baz ya ce wajen kilo uku, ya yalwata don a fita daga shakka. Duk wanda ya karanta su da kyau zai ga ko dai sun ambaci hatsin ko sun ce kusan. Mu ne masu turawa a waya muke yanke wutsiyar maganar.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta fi karkata ga sikeli, kuma ina da dalili. Na tashi a gindin tabarmar awo, na san abin da ake yi da mudu. Akwai mai bubbuga gindin kwano ya lotsa ciki. Akwai mai mudu biyu, babba na saye a ƙauye, ƙarami na sayarwa a gari. Akwai mai zuba hatsi a hankali kamar yana tsoron ya tashe shi daga barci, don kada ya zauna ya ci wuri. Ga rigimar tozo, ga ta sa hannu a kare gefe, ga ta gyara. Tiyar wannan kasuwa ba ita ce ta waccan ba. Idan ka ce kilo kuwa, a Kano da Maraɗi da Kumasi abu ɗaya kake nufi. Na daɗe ina ganin ranar da aka kori mudu daga kasuwa, ranar za a rufe ƙofar tauye awo.

Da na faɗa wa Baba haka wata rana, dariya ya yi ya ce in tambayi waɗanda suka ga zamanin cinikin gyaɗa da auduga a kan sikeli. Mai auduga ya yayyafa mata ruwa da asuba, mai gyaɗa ya zuba yashi da tsakuwa a tsakiyar buhu, shi kuma mai sikelin ya san inda yake taɓawa allura ta yi ƙarya. Da na zauna na yi tunani sai na ga duk wasa ɗaya ake yi. Mai sayarwa da mudu so yake kayansa su kumbura su yi sakayau. Mai sayarwa da sikeli so yake su jiƙe su yi nauyi. Kowannensu ya bar ma'aunin da ake kallo yana faɗin gaskiya, ya koma yana murɗa abu na ukun nan da ba a kallo. Ina jin shi ya sa Alƙur'ani, a Suratul Muɗaffifina da kuma labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana, yake haɗa mudu da ma'aunin nauyi a gargaɗi ɗaya. Bai wanke ɗaya ya bar ɗaya ba.

Shi kansa kilon da nake taƙama da shi, da na bi asalinsa, ɗan mudu ne. A 1795 Faransawa suka ce giram shi ne nauyin ruwan da zai cika ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe. Kwano suka fara ƙerawa, suka zaɓi abin zubawa, sannan nauyi ya fito, daidai yadda Imam Ahmad ya yi da adas. Daga 1889 kuma kilon duniya gaba ɗaya wani curin ƙarfe ne na filatinam, tsayinsa milimita 39, a kulle a wani gida kusa da Paris, ana zuwa ana gwada na sauran ƙasashe da shi, su ma da silsilarsu. Sai a 2019 aka sauke shi daga wannan matsayi aka ɗora kilo a kan wata lamba ta fiziks da ba ta canzawa. Shekara 130 masana kimiyya suna da nasu kwanon a adaka.

Wanda ya fara kama ɓarawo da densiti, a yadda ake ba da labari, shi ne Arkimidis na Sirakusa a tsibirin Sisili, ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa. Sarki ya ba maƙeri zinariya ya yi masa kambi, kambi ya dawo da nauyinsa cif, amma sarki na zargin an cakuɗa da azurfa. Kilo guda na zinariya wajen mililita 52 yake ci, na azurfa wajen 95. Idan maƙeri ya daidaita nauyi, dole girma ya ƙaru, kuma ruwa zai tona shi idan aka tsoma. Ɓarawo yana iya yi wa sikeli ƙarya, yana iya yi wa mudu, amma yi musu a lokaci guda sai ya sha wuya. Malaman Musulunci sun ɗauki wannan ilimi da muhimmanci ƙwarai. Al-Biruni ya ƙera wani tulu mai ɗan bututu yana auna ruwan da ƙarafa da duwatsu masu daraja ke turowa waje. Bayansa al-Khazini, wanda bawa ne aka 'yanta a birnin Marw, ya kammala littafinsa Mizanul Hikma a 1121, yana bayanin wani sikeli mai faranti biyar da ke rarrabe zinariya tsantsa da gauraye. An ruwaito cewa wani masani da ya riga shi, al-Isfizari, ya ƙera wa Sarki Sanjar irin wannan sikeli, ma'ajin sarki ya ji tsoron asirinsa zai tonu ya farfasa shi, baƙin ciki ya kashe mai ƙirar. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ce ma'ajin nan ya fi kowa fahimtar darasin. A zamaninmu kuma 'yan algus sun gano tongistin, ƙarfen da densitinsa ya kusa zama ɗaya da na zinariya, suna cusa shi a cikin sandar gwal su lulluɓe. Ma'auni na ukun ma an samo masa makulli.

Wannan ya dawo da ni ga tambayar da ta fi damuna, wadda ba ta lissafi ba ce. Shari'a ta san sikeli sarai. Nisabin zinariya dinari 20 ne, wajen giram 85, na azurfa dirhami 200, wajen giram 595, duk da nauyi. Me ya sa da aka zo kan abincin miskini ranar idi aka ce a cika kwano? Abin da zan faɗa fahimtata ce, ni ba mufti ba ne. Na farko dai sauƙi: ba kowane manomi ke da sikeli ba, amma kowa na da hannu biyu da ƙwarya. Na biyu shi ne wanda ya hana ni barci. Kwano yana ƙayyade girma ne kawai, ya bar maka zaɓin abin da za ka zuba. Kana iya cika shi da geron bana ƙosasshe, kana iya cika shi da na bara wanda ƙwari suka huhhuda ya zama holoƙo, duka biyun mudu huɗu ne cif, ba mai kama ka. Malamanmu na Malikiyya sun ce a fitar daga abincin da ya fi rinjaye a gari, Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara ya hana mutum ya tsinto marar kyau ya bayar alhali shi da kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Amma ba a naɗa wani jami'i ya zura hannu a buhunka kamar Inna ba. An bar densitin sadakarka tsakaninka da Ubangijinka.

Na san wa'azin da ke biyo bayan wannan, mun sha jin sa: ranar ƙiyama nauyi za a duba, ƙafafun Abdullahi bin Mas'ud sirara da sahabbai suka yi wa dariya sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani, ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk gaskiya ne. Abin da nake tsoro shi ne yadda muka mai da wannan gaskiya mafaka. Mutum yana da rumbu uku, ya miƙa abin da ko kaza ba zai ƙosar ba, ya ce ai niyya ake dubawa. To ni dai a allo, nauyi shi ne girma sau densiti. Ko niyyarka ta kai zinariya danƙarewa, idan abin da ka zuba ta a ciki bai kai ƙwayar gero ba alhali kana da hali, ka lissafa da kanka. Wanda aka yaba da rabin dabino, rabin dabinon yake da shi. Ga mai wadata, umarnin a fili yake, a cika kwanon tukuna har sau huɗu, sannan a yi maganar abin da ke zuci.

Ranar jajibere na aro ƙaramin sikelin ɗakin gwaji na makarantarmu na zo da shi gida. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Baba a kan kujera, jikoki sun kewaye. Mu goma sha biyu ne a wuyansa bana, har da jaririyar da aka haifa cikin Sha'aban, mudu 48 ke nan. Na ce a kawo dawa don ta fi araha, Baba ya harare ni.

"Yaushe rabon da a tuƙa dawa a gidan nan?"

Aka kawo shinkafa 'yar gida, irin wadda muke ci. Shi ya auna da hannunsa, yana cikawa yana shafe bakin, ni ina ɗorawa ina rubutawa. Mudu huɗu suka ba ni kilo 2.3 da 'yan giram. Don in gamsar da yara na sake gwadawa da gero da masara da garin rogo, kowanne da lambarsa daban, garin ya zo can ƙasa. Na ɗauki hoton takardar na tura zaure. Ƙanena ya bugo waya.

"Yaya, to ni da na riga na aiko da kuɗin kilo 36 fa?"

Na miƙa wa Baba wayar. Ya ce masa, "Allah Ya yi maka albarka. Abin da mudu ya ci shi ne zakka, ragowar sadaka ce, kuma duk gida ɗaya za su." Haka aka ɗura su a leda-leda, yara suka rarraba kafin a kira magariba.

Mai karatu, idan akwai mudun Annabi a gidanku ko a masallacin unguwarku, ka nemo shi tun azumi bai yi nisa ba. Ka cika shi sau huɗu da abin da tukunyar gidanka ta saba dafawa, ka ɗora a sikeli, ka rubuta lambar. In za ka tura wa 'yan uwa a waya, don Allah ka rubuta sunan hatsin a gefenta.